Ranar da Aka Kira Ta Hawiya

Na zauna a Abijan, na yi leburanci a Sabha, na sayar da turare a Jidda, na wanke kwanuka a Marsai ta Faransa. Kowane gari da irin yadda yake hana mutum abinsa. Mutumin Libiya zai daka maka tsawa, ka san matsayinka. Bafaranshe zai aiko maka da takarda mai ladabi wadda babu ɗigon tausayi a cikinta. Amma Bamisire da murmushi yake ɗaure ka. Zai dafa kafaɗarka, ya kira ka ya hajj, ya sa a kawo shayi, ya ce ma'alish, wato ka yi haƙuri, ka dawo gobe. Kana fita kana yi masa godiya, sai ka kai bakin titi ka tuna ba ka samo abin da ya kawo ka ba.

Haka Mu'allim Sabri ya riƙe fasfona.

Tafinta na zo yi wa wani ɗan kasuwar garinmu, Damagaram, da ya zo sarin kayan asibiti a Alƙahira. Ya gama cinikinsa ya ce in tsaya in ga an loda kaya, zai aiko mini da tikiti. Kaya suka tafi, tikiti bai zo ba, wayarsa ma ta daina shiga. Izinin zamana ya kusa ƙarewa, sai aka nuna mini Sabri, dillalin takardu, mai ɗan ofis a unguwar Dokki a saman wani shagon ruwan rake. Na ba shi fasfo ya sabunta mini izini. Sanyi ya wuce, zafi ya zo ya wuce, wani sanyin ya dawo, ina shan shayin Sabri.

A unguwar Hadayek el-Ma'adi na sami wurin kwana, a ɗakin Abakar, can ƙololuwar wani bene da metro, jirgin ƙasan cikin gari, ke girgiza tagoginsa. Abakar Bahaushen Sudan ne. Kakansa ya bar Kano a ƙafa zai tafi Makka, ya tsaya noman auduga a bakin Nilu don ya tara guzuri, har ya mutu bai ga teku ba. Yaƙi ne ya koro Abakar zuwa Misira, kuma nasa fasfon ya riga nawa shiga hannun Sabri da daɗewa.

Idan ya ga na yi tagumi sai ya ce, "Ya zol, ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Mu tsayawa a hanya gadonta muka yi. Kai kuma Badamagare, me ka baro a gida ban da duwatsu?"

"Duwatsun namu ne dai," in ce masa. "Ku Kanawa da kuna da su da tuni kun sayar."

Wanda ba shi da takarda yakan koyi gari irin koyon ɓera. Na san ƙofar metro da 'yan sanda ke tsayawa, na san wadda ba sa tsayawa. Na koyi yin shiru idan yaron mota ya ci mini canji. Ni da na taɓa yi wa ɗan sandan Marsai gardama da harshensa har ya sara mini, na koma mutumin da ake taka wa ƙafa ya ce yi haƙuri. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wayar ranar Juma'a, idan maiɗakina ta ce, "Malam, jikokinka suna tambaya yaushe," in ce mata aiki ne ya riƙe ni.

Sabri ba takardu kaɗai yake dillanci ba, har da mutane. Shi yake kai ma'aikata wani filin golf da ke cikin hamada bayan Giza, inda Abakar ke ban ruwan ciyawa. Da ya gane ina jin Faransanci sai ya ce, "Ya hajj, kafin takardarka ta fito, ga abin rage zaman banza." Sunan aikin kadi. Da na gaya wa Abakar ya kwashe da dariya ya ce, "Ma sha Allah, an naɗa Badamagare alƙali!" Ba shari'a ba ce. Jakar sanduna ce za ka saɓa, ka bi mai wasa daga rami zuwa rami, ka miƙa masa wadda ya nema, ka goge ta, ka yi shiru.

Kullum sai mu hau metro zuwa Giza, daga nan ƙaramar bas ta kwashe mu har inda gidaje suka ƙare. Sai ka ga katanga, bayan katanga kuma kore shar, tafkuna da tuddai, ruwa na tsiri ta ko'ina. Ruwan da wannan ciyawa ke sha a wuni ɗaya, da unguwarmu ta samu da mata sun huta da layin famfo. Wasan kuwa ban ga baƙonsa ba. Muna yara mun bugi ƙwallon goruba da gora a bayan gari. Bambancin kawai, mu muna ihu muna ture juna, su kuwa suna yi kamar masu zaman makoki, kuma wanda ya fi ƙarancin bugu kafin ƙwallo ta faɗa rami shi ne gwani.

A sanyi na biyu ta zo. Sunanta Nowemi, 'yar wani ƙaramin gari a kudancin Faransa, ba ta daɗe da haura ashirin ba. Misirawa suka kasa sunan, suka mai da ita Na'ima. Ta zo da mahaifinta, wani dogo mai jar fuska, wanda shi ne ya fara ɗora mata sanda a hannu tun ba ta kai tsawon sandar ba. Ƙasarsu ta yi sanyi, sun zo ta yi atisaye, sannan ta shiga wata gasa da za a yi a filin. Da yake uban irin Faransawan nan ne da gara su ɓata a gari da su yi tambaya da Ingilishi, sai aka haɗa su da ni.

Ranar farko ta dubi furfurata ta dubi jakar ta ce, "Malam, ba ta yi maka nauyi ba?"

Na ce, "'Yata, na ɗauki buhun siminti a Libiya. Wannan ai sandunan makiyaya ne."

Kafin mako ya zagayo ta daina ce mini malam, ta koma Tonton, wato kawu. Takan raba mini burodinta da cuku. Ta tambaye ni sunan kowane abu da Hausa, ta riƙe kalma ɗaya tak, "madalla", wadda take faɗa ko bugu ya yi kyau ko ya lalace.

A ƙasarsu ta ci kofuna tun tana 'yar makaranta, amma har lokacin tana cikin waɗanda Faransawa ke kira amater, masu wasa don sha'awa. Irin waɗannan ko sun zo na ɗaya a gasar manya, kofi kawai za su ɗauka, kyautar kuɗin ta wuce ga na bayansu. Sai ranar da mutum ya bayyana cewa ya mai da wasan sana'a, sannan ya ci guminsa, kuma daga ranar babu komawa baya cikin sauƙi. Ita tana so ta tsallaka. Uban kullum sai ya ce baɗi.

To, Larabcina iri biyu ne: na makarantar allo da na kasuwa. A na allo, tun muna yara malam ya karantar da mu sunayen wuta, yana kaɗa bulala, kuma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Hawiya, ramin da ba shi da ƙarshe. Sai ga shi kullum da safe, idan yarinyar nan ta sauko daga mota, in ji masu gadi da masu shara suna ce wa juna, "Ga hawiya nan ta iso." Suna faɗa suna washe mata baki, tana ɗaga musu hannu. Na ce a raina, wato don ba Musulma ba ce, don tana sa gajeren siket, har kun yanke mata masauki? Kuna karɓar alherinta kuna jefa ta wuta? Na haɗiye. Mara takarda ba ya gyara wa 'yan gari harshe. Ko Abakar ban gaya wa ba, don kada ya ce na cika shiga abin da ba ruwana.

Ranar buɗe gasa aka cika. 'Yan wasa daga ƙasashe, manyan mutane a inuwar rumfa, masu ɗaukar hoto. Wani mai farar riga yana tsaye da lasifika yana kiran kowace 'yar wasa da ƙasarta kafin ta yi bugun farko. Da aka zo kanta, sai na ji muryarsa ta cika filin: "Daga Faransa, 'yar wasa hawiya, Na'ima!" Jama'a suka tafa.

Ban san lokacin da na saki jakar ba. Sanduna suka zube da ƙara a wurin da ko tari ba a so. Na taka har gabansa na ce da Larabcin allo, wanda ban taɓa amfani da shi a faɗa ba, "Ka ji tsoron Allah, bawan Allah! Wa ya ba ka mabuɗin wuta? Yarinya baƙuwa a ƙasarku, ka kira ta da sunan Jahannama a gaban mutane?"

Lasifikar a kunne take. Kowa ya ji.

Sai wani tsoho a rumfa ya fara dariya, ta bazu kamar wutar kara. Mai farar riga ya riƙe ciki yana cewa, "Ya hajj, hawiya, hawiya! Mai hiwaya, mai sha'awa! Ba ta zama ƙwararriya ba tukuna!" Ashe kalmar da Larabawan yau ke kiran amater mace ke nan. Ko da harafi ɗaya ba ta bambanta da ta malaminmu ba.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba: manajan filin. Ya yafito masu gadi biyu, ya zo kusa da ni ya ce a hankali, "Ina takardunka?" Na sunkuyar da kai. Ya sake tambaya. Nan ya gane ba ni da su. Lokacin bugun Nowemi yana ƙurewa, kuma a wannan wasa wanda ya makara hukunci ne a kansa, sai ta tsuguna da kanta tana tattara sanduna ta ce ita ba ta san wani kadi ba sai ni. Manaja ya ce, "Ya ɗauka. Da yamma ma yi magana." Na wuni ina bin ta, mai gadi yana bi na.

A rami na uku ta ce, "Tonton, me ka gaya musu?" Na ba ta labari. Ta yi dariya har ta zauna a ciyawa. Sannan ta share ido ta ce, "Ka san ba su yi ƙarya sosai ba? Rami ne mara ƙarshe. In ci gasa, in ɗaga kofi, in koma in roƙi babana kuɗin man mota." Ta dubi mai gadin. "Shi kuma wannan me yake nema?" Nan na gaya mata abin da ban gaya wa maiɗakina ba. Da ta miƙe sai ta ce, "Nawa fasfon ma yana jakar babana. Wai don kada in yar."

Da yamma manaja ya kira Sabri a waya a gabana. Na ji muryar da ta shayar da ni shayi shekara guda tana cewa ita ba ta san ni sosai ba, taimako kawai ta yi. Manaja ya ajiye waya ya ce, "Albarkacin baƙuwarmu za ka kai ƙarshen gasa. Daga nan ko ka kawo takarda, ko mu miƙa ka ga hukuma. Ba za a rufe mana fili saboda kai ba." Nowemi ta yi wa ubanta magana, ya ce mata su baƙi ne, masaukinsu ma filin ne ya ba su kyauta, kada ta tsoma baki a harkar mutane.

Da na koma gida, labari ya riga ni. Abakar yana dama mana asida, tuwon Sudan, yana kwaikwayon muryata: "Wa ya ba ka mabuɗin wuta!" Ya yi dariya har ya ƙware. Da ya lafa sai ya ce, "Badamagare, akwai ta uku da ba ka sani ba. Hawiyya, da ɗan nauyi a ƙarshe. Ita ce takardar shaidar mutum. Ka ga yarinya tana da ɗaya, malaminku yana da ɗaya, ni da kai ne ba mu da ko ɗaya." Ya tura mini kwano. "Ka gudu tun yanzu. Akwai 'yan'uwa a wata unguwa, babu mai neman ka can."

Na yi tunanin gudun. Amma in gudu in je ina? Daga ɗaki zuwa wani ɗaki, daga Sabri zuwa wani Sabri. Washegari na hau metro na koma na saɓi jaka.

Sauran kwanakin gasar ban ga kyawunsu ba. Idona yana kan ƙofar fita da wata mota da ke ajiye kusa da ita, wadda nake zaton ta hukuma ce. Abin da na riƙe shi ne na ranar ƙarshe, a rami na kusa da na ƙarshe, inda ƙwallonta ta faɗa bayan wasu dabinai, ga tafki tsakaninta da tutar ramin. Uban yana bayan igiyar 'yan kallo yana yi mata alama da hannu ta bi gefe, ta tsira da abin da ta samu. Ta ce, "Tonton, me ka gani?"

Na ce, "Wallahi 'yata, ni ɗaukar jaka na sani."

Ta ce, "Madalla." Ta zaro sandar da ba ita uban yake nufi ba, ta buga ta tsakanin dabino biyu. Ƙwallo ta haye ruwan da ƙyar, ta gangara ta tsaya kusa da rami. Ta gama gasar ta uku a cikin mata masu cin abinci da wannan wasa. Aka ba ta farantin azurfa, ambulan ɗin kuɗin ya wuce ga ta huɗu.

Ban kai ga ajiye jaka ba aka ce mai filin yana kira. Wani attajiri ne da ya yi arziki a siminti, kowa Basha yake ce masa, ba ya jin Faransanci. Tafintan da ke kusa ni ne, sai aka shigar da ni ofis da gumina, mai gadi ya tsaya a ƙofa. Basha ya ce yana so yarinyar ta sa sunan filinsa a hularta, ya ɗauki nauyin tafiye-tafiyenta na gasa, in har za ta shiga sahun ƙwararru. Na juya da Faransanci. Uban ya ce a gode masa, amma ba ta shirya ba, sai baɗi. Na juya da Larabci. Nowemi ta ce, "Gaya masa na shirya. Daga yau." Na juya wannan ma. Uban ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba.

Sai ta ce, "Gaya masa ina da sharaɗi. A kawo fasfon Tonton nan, kafin in sa hannu."

Na yi tafinta a kotu, na yi a asibiti, ban taɓa juya maganar da ta yi mini nauyin wannan ba. Na ce, "Tana cewa a kawo fasfon mai ɗaukar mata jaka." Uban ya buga tebur ya ce wannan shirme ne, za ta zubar da damarta saboda tsohon da ba ta san shi ba wata biyu da suka wuce. Basha ya ce, "Me ya ce?" Na gaya masa, ban rage ko kalma ba. Basha ya dube ni, ya yi murmushin nan nasu, ya ce wa manaja, "Kira Sabri. Yalla, maza."

Kafin la'asar ta yi sanyi Sabri ya shigo yana haki, yana rungume da wata baƙar leda. Ya sumbaci kaina ya ce, "Ya hajj, ai da ma gobe zan kira ka." Ya zazzage ledar a kan teburin Basha. Fasfo ne tuli, kore da shuɗi da ja, an ɗaure su da roba kamar katin waya. Ya ce in duba nawa. Ina buɗewa ina ganin fuskokin da na sani, masu yankan ciyawa, masu wanke motoci. Na biyar ko na shida da na buɗe, Abakar ne yake kallona, da baƙin gashi, da kumatu. Nawa yana ƙarƙashinsa. Babu wani sabon hatimi a ciki. Ko ofishin hukuma bai taɓa kai shi ba.

Na riƙe biyun na ce wa Basha, "Wannan na abokin zamana ne, mai ban ruwanka."

Basha ya ce, "Ɗaya muka yi magana, ya hajj." Sabri ya sa yatsa biyu ya zare na Abakar daga hannuna, a hankali, yana cewa ma'alish. Na juya ga Nowemi, amma uban ya riga ya tura mata biro, yana magana da sauri a kunnenta. Ta ɗago ta ce, "Ka samu, Tonton?" Na ce na samu. Ta sa hannu.

Bayan kwanaki suka tashi zuwa wata gasa a Maroko, inda wani ƙwararren kadi Bature ke jiran ta. Ta rungume ni a bakin mota tana kuka, ta cusa mini farantin azurfar a jaka ta ce in sayar in biya tarar daɗewa da tikiti. Da shi na fita daga Misira. Yanzu idan jikana ya duba mini waya yakan ce ta zo ta kaza a ƙasa kaza, wani lokaci sama, wani lokaci ƙasa, kamar kowane mai sana'a.

Amma a ranar ta ofis, da na hau benen Hadayek el-Ma'adi, Abakar yana zaune a tabarma yana yanke farce. Na ajiye fasfona a gabansa. Ya goge hannu a riga kafin ya taɓa shi. Ya juya shi gaba da baya, ya shinshina, ya miƙo mini.

"An ce leda guda ya kawo."

"Leda guda."

"Ka ga nawa?"

"Na gan shi. Har na riƙe shi a hannu."

Jirgin metro ya wuce, tagogi suka gama rawa. Sannan ya tambaye ni, da irin muryar da ake tambayar wanda ya dawo daga ganin gida:

"Yana nan lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau. Ko yagewa bai yi ba."

Ya ce, "To, alhamdu lillahi," ya ci gaba da yanke farcensa.